Dutsen Niƙa Tara da Na Bari Ban Fasa Ba

Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida, nan Nima, sai ga wasu 'yan mata biyu da bokitin jiƙaƙƙiyar masara a ka, za su kai inji. Da kunnena na ji ɗaya ta ce wa ɗayar, "Kin ga tsohuwar can? Wai da can dutse take ƙwanƙwasawa a ba ta kuɗi." Suka kwashe da dariya suka yi gaba. Ƙwanƙwasawa! Shekara talatin da ɗoriya ina wannan aiki, yatsuna biyu na hannun hagu har yau ba sa lanƙwasuwa, amma yarinyar da ko barkono ba ta iya niƙawa da hannu ta tattara shi duka ta kira shi ƙwanƙwasawa. Shi ya sa na ce wa jikata Ramatu ta ɗauko takarda da biro. Ni ban yi boko ba, amma bakina bai tsufa ba. Abin da na faɗa shi za ta rubuta, kuma na gaya mata kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Sunana Asabe, amma in kuka ce Asabe a Nima sai a tambaye ku wacce daga ciki. Ku ce Iya Dutse, kowa zai nuna muku gidan. Dutsen niƙa nake yi. A lokacin da nake gaya muku, kafin inji ya cika unguwa da ƙara, babu gidan da ake ɗora tukunya babu dutse a tsakar gida, uwa da ɗanta. Gasarar koko a kansa, garin tuwo a kansa, barkono, citta, daddawa, har maganin da ungozoma ke ba maijego. Amarya kuwa, ko an jera mata kwanuka har rufin ɗaki, in babu dutse sai matan da suka zo ganin ɗaki sun tambaya.

Wadda ta koya mini ana ce da ita Maame Korkor, mutuniyar yankin tsaunin Shai ce, daga can bayan Dodowa. Ita ke kawo duwatsu kasuwar Nima duk Laraba, ni kuma lokacin dako nake yi, ina ɗaukar mata su daga bakin mota zuwa rumfa. Tana jin Hausa, amma Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Wata rana na sauke dutse na ce mata wannan ya fi na ɗazu nauyi, alhali girmansu ɗaya. Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Kai, wuyanka yana da hankali. Gobe ka zo mu tafi tsauni." Shekara uku na yi ina bin ta kafin ta bar ni na taɓa fuskar dutsen da za a sayar.

Bari in gaya muku yadda ake fitar da dutse ɗaya, ku masu cewa ƙwanƙwasawa. Za ki hau tsaunin Shai da ƙafa, guduma a gammo, ƙarfen tsaga a ɗaure a zani, tulun ruwa a hannu. Ki nemi falalen da bai sha rana ya ruɓe ba. Ki buga masa guduma ki kasa kunne: in ya amsa kamar tasa, mai rai ne; in ya yi "dum" kamar an bugi katifa, ki wuce. Sai ki tara itace a kansa ki hura wuta tun hantsi har azahar, ki janye garwashin, ki watsa ruwa a layin da kike so. In Allah ya so ki, ki ji "tas!", ɓawo ya ɗaga. In bai so ki ba, ya tsage ta inda ya ga dama, itacenki da ruwanki da yininki sun tafi. Daga nan sai ƙarfen tsaga, a hankali, har ki fitar da uwa mai tsawon kamu guda da rabi, da ɗan gangare a fuska don abin da aka niƙa ya riƙa sauka da kansa. Ɗan kuma dole daga falale ɗaya da uwar zai fito. In kika haɗa uwa daga nan ɗa daga can, mai taurin zai riƙa cin mai laushin, mutane su sha shi a koko.

Ƙodar fuska ita ce ta ƙarshe, wato fitar wa dutse da haƙora da ɗan ƙarfe mai tsini da muke ce wa maƙodi. Dutsen Shai yana da zane a jiki, baƙi da fari-fari a jere, kamar saƙi. Ba a bin zanen, gicciye ake sara. Wanda ya bi zane, wata uku dutsen ya yi sulɓi kamar sabulu. Ni dutsena sai ya shekara biyu kafin a kira ni in sake ƙoda shi, kuma matan unguwar Mamobi suna nan, waɗanda suka rage, a tambaye su.

Amma duk wannan ba shi ne ilimin ba. Ilimin yana cikin ido. Baƙin dutsen nan na Shai yana da wasu jajayen ƙwayoyi a jiki, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu har kamar gyaɗa. Mu "ido" muke ce musu. Idon ya fi jikin dutsen tauri, don haka in jikin yana ci, idon yana tsayawa, shi ke cizon hatsi. Dutse mai jan ido tsantsa, wanda ya manne da baƙin jikinsa babu komai a tsakani, wannan shi ne sarki. Akwai kuma wani da idonsa ke da farin zobe a kewaye, irin wanda ke fitowa a idon tsoho. Wallahi ya fi kyau a gani. In kika jiƙa shi sai ki ce ado aka yi masa. Amma zoben nan ba shi da ƙarfi. Da ruwa da gishiri da barkono sun shige shi sai ya saki, idon ya ɓalle ya farfashe, ya bi cikin abin da ake niƙawa. A busasshen dutse mai ƙura ba a ganin zoben sosai, sai an wanke fuskar da ruwa.

Maame Korkor tana da doka biyu. Ta ɗaya, da kin fitar da dutse daga falale ki sa masa shaidarki a gindi tun a tsauni, don ba ke kaɗai ce a wurin ba, akwai wasu mata. Ita tata gicciye ce, ni ta ba ni tsaga uku a jere. Ta biyu, in kin jiƙa kin ga farin zobe, ki raba shi biyu da guduma kafin ki juya baya. Na taɓa tambayarta don me, tunda ba za mu ɗauka ba, ai sai a bar shi nan. Ta ce, "Kai wawa ne? Sunanka yana gindinsa. Ka bar sunanka a daji, wani ya ɗauka ya kai gari?" Na ga ta farfasa dutsen da ta yi kwana huɗu tana aikinsa ba ta ko yi tsaki ba.

To, shekarar da zan ba ku labari, Maame Korkor ta riga ta rasu, rumfar ta zama tawa. Lokacin ne ake gina tashar jirgin ruwa a Tema, kuma daga tsaunin Shai ake kwasar dutsen da ake zubawa a teku. Aka kewaye gefen da muke aiki tun zamanin iyayen Maame, aka sa nakiya, aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Falalen da na sani kamar tafin hannuna, wata ɗaya ya zama rami. Dole muka koma ɗaya gefen, inda ban san halin dutsen ba. Ga rani, ga rafin da muke ɗiba ya ƙafe, ruwa sai an yi tafiya mai nisa. Ruwan da nake da shi na tsaga falale ne da na sha, sai na ce bari in bar wankin fuska sai na gama duka. Kwana shida na yi, ina kwana gidan wata 'yar'uwar Maame a ƙauye, na fitar da uwa tara da 'ya'yansu, kowanne da tsagata uku a gindi. Ranar ta bakwai na ɗauko tulu na wanke na farko. Farin zobe. Na biyu, farin zobe. Har na tara, babu wanda ya fita.

Na ɗaga guduma ke nan a kan na farko sai na ji an ce, "Iya! Iya, tsaya don Allah!"

Na waiga, sai ga wani mutum da gajeren wando da takalmin soja, jaka a kafaɗa, 'yar guduma a hannu wadda ko goro ba za ta fasa da kyau ba. Baƙi ne kamarmu, mutumin bakin teku, amma yana jin Hausa irin ta bariki, wai ubansa ɗan sanda ne ya yi aiki a arewa. Ma'aikatan fasa tsaunin suna ce masa Ticha. Aikinsa, wai, karanta duwatsu. Ya durƙusa gaban dutsena, ya fito da wani ɗan gilashi daga wuya ya kafa a ido, ya yi ta kallo yana "Ei! Ei!" kamar wanda ya tsinci zinariya.

Na ce, "Malam, matsa in fasa kayana, mota za ta bar ni."

Ya ce, "Me ya sa za ki fasa?"

Na ce, "Idonsa ya saki. Ba ka ga zoben ba?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Wa ya gaya miki zoben yana nufin ya saki?"

Na ce, "Haƙoran mutane."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Daga nan ya shiga ba ni labari, ni kuma, Allah ya yafe mini, na ajiye guduma na saurara. Ya ce wannan tsaunin da muke kai ba tsauni ba ne, gindin tsauni ne. Wai a wani zamani da ba a iya ƙirga shekarunsa, kafin mutum, kafin itace, akwai manyan tsaunuka a nan masu taɓa gajimare, sun miƙa daga bakin teku har can arewa. Wannan baƙin dutsen kuma yana can ƙarƙashinsu a binne. Na ce zurfin rijiya nawa? Ya ce in ɗauki nisan Nima zuwa Dodowa in tsayar da shi a tsaye, to kamar haka, ko ya fi.

Na ce, "Ticha, ka ji tsoron Allah. Allah ne ya halicci dutse."

Ya ce, "Shi ne, Iya. Amma ya bar alamar yadda ya yi, ga ta nan a hannunki." Ya ce, "Kin san dokunu, ƙullin masarar nan na cikin ganye, in an jera shi a tukunya? Na ƙasa, wanda ya sha wuta kuma 'yan'uwansa suka danne shi, ɗaya yake da na sama?"

Na ce, "Na ƙasa ya fi tauri."

Ya ce to haka ne. Zafi da danniya su suka haifi jan idon nan, ba ya haihuwa sai a can ƙasa inda nauyi ya kai matuƙa. Daga baya ruwan sama da iska suka yi ta cin tsaunukan nan har suka cinye su, ƙasa kuma tana turo gindin sama a hankali. Da nauyi ya ragu, sai idon ya fara sakin jiki daga baki-baki, yana komawa wani abu dabam, fari. Shi ne zoben. Ya ce dutse mai ido tsantsa zurfin da ya kai kawai yake faɗa, amma mai zobe yana faɗin zuwa da dawowa. Ya ce wata biyu yana yawo a tsaunin nan yana neman wanda zobensa ya fito sarai haka, bai samu ba, sai ga shi mace ta tsaga masa guda tara ta wanke masa fuskarsu.

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Shekara da shekaru ina cewa ido ya saki, ban san saukar kaya ya yi ba, kamar yadda wuyana ke saki in na sauke dutse a rumfa. Kuma tunda nake, babu mai takalmi da ya taɓa zama a ƙasa yana tambayata abin da na sani. Ya ce, "Iya, ki bar mini su haka. Gobe zan zo da mota in kwashe duka taran, in kai inda za a yanka su siriri a duba. Na rantse miki babu wanda zai niƙa ko gishiri a kansu."

Na ce, "Shaidata tana gindinsu."

Ya ce, "Gobe-goben nan, Iya."

Na sa guduma a gammo na sauko. Wannan shi ne abin da na yi. Dokar da na ga tsohuwa ta bi har ta mutu, na karya ta saboda mutum ya ce mini "Ei! Ei!"

Wata biyu da wani abu bayan nan, ranar Laraba, kasuwa ta cika, ina zaune ina ƙodar wani tsohon dutse, sai na ji hayaniya tana matsowa. Hajiya Memuna ce mai wace, shinkafa da waken nan da take sayarwa a bakin tasha, wadda direbobi ke layi saboda shitonta, soyayyen yajin nan na barkono. Mace ce mai jiki, muryarta kuma ta fi jikinta. Ta sa an turo dutse a kura, aka kife mini shi a gaban rumfa.

Ta ce, "Iya Dutse! Fito ki ga aikinki! Shekara goma ina sayar da abinci ba a taɓa tofar mini da shi ba. Jiya direba ya tauna shitona haƙorinsa ya rabe biyu, ya tsaya a tsakiyar tasha yana nuna wa mutane jini. Yau tukunyata tana can cike, ƙuda ne kawai ke layi!"

Na ce, "Hajiya, a hankali. Yaushe kika sayi dutse a hannuna?"

Ta ce, "A hannun Issaka na saya, ya ce naki ne, ya nuna mini shaidarki. Ko za ki ce ba ki san tsagarki ba?"

Issaka wani dogo ne mai sayar da duk abin da ya tsinta, tsohuwar ganga, kwanon rufi, ƙafar keke. Yana bin motar wani ɗan'uwansa da ke kai wa ma'aikatan tsauni kaya. Na duba dutsen. An ƙoda fuskar, ƙodar banza, an bi zane. Gefe ɗaya a karye, guntu kamar dunƙulen hannu ya fita, karaya mai tsabta irin ta ƙaramar guduma. Nan take na gane abin da ya faru. Ticha ya zo washegari kamar yadda ya ce, amma ba duka ya kwashe ba. Ya ɓalli abin da zai shiga jakarsa a jikin kowanne, ya bar sauran a daji da sunana a gindi.

Aka kai mu gaban Magajiyar kasuwa, tsohuwa ce mai carbi da 'yar sanda, ba ta ɗaga murya. Aka nemo Issaka. Mutane suka kewaye, har masu sayar da doya suka bar doyarsu.

Issaka ya ce, "Magajiya, ni me na yi? Na gan su a zube a daji, ga shaidar Iya. Duk Nima an san dutsen Iya ba ya ƙarya. Kuma ku dube shi, ku dubi ado! Wataƙila ma yashin daga barkonon Hajiya yake."

Hajiya Memuna ta ce, "Barkonon uwarka!"

Wasu mata suka ce gaskiya dutsen yana da kyau, ba su taɓa ganin mai kyansa ba. Kun ji fa. Da na yi shiru a nan, da an ɗora wa barkono laifi, kowa ya watse. Amma akwai takwas a gidajen mutane. Na ce a ba ni jiƙaƙƙiyar shinkafa tafi biyu da ƙwarya biyu da ruwa. Na niƙa tafi ɗaya a kan dutsen rumfata, na wanke a ƙwarya, na tsiyaye a hankali: gindin ƙwarya fari tas. Na niƙa ɗayan a kan na Hajiya, na wanke, na tsiyaye. Na miƙa wa Magajiya. Jan yashi ne kwance a gindin, yana ƙyalli kamar an daka kwalba. Ta sa yatsa ta murza, ta miƙa wa na kusa da ita, ƙwarya ta zaga.

Magajiya ta ce, "Dutsen mugu ne, mun gani. Asabe, tsagar nan ta gindi, Issaka ne ya kwaikwaya?"

Ga ƙofa a buɗe. Da na ce eh, babu mai ƙaryata ni, don ba a yarda da Issaka ko a kan gaisuwa. Na ce, "Tawa ce, Magajiya. Hannuna ne."

"Kin san mugu ne?"

"Na sani tun a tsauni."

"Me ya hana ki fasa shi? Ko Korkor ba ta koya miki ba?"

Na ce, "Ta koya mini. Wani mai ilimi ne ya ce in bar masa, yana karanta tarihin ƙasa a jikinsu."

Kasuwa ta fashe da dariya. Wata mai kifi ta ce, "Iya Dutse ta shiga makaranta!" Hajiya Memuna ta ce, "To tarihin ƙasa ne direbana ya tauna?" Ina tsaye, mace mai shekara arba'in da wani abu, ana yi mini dariya a kasuwar da na girma a ciki.

Magajiya ta buga sanda. Ta ce Issaka ya mayar wa kowa abin da ya karɓa, kuma kada a sake ganinsa da dutse a kasuwar nan. Ni kuma ta ce in rufe rumfa. Ba zan sayar da ko ɗan dutse ba sai na tattaro taran na fasa su a gabanta, kuma duk gidan da na karɓo in mayar musu da mai kyau daga hannuna.

Na Hajiya Memuna na fara fasawa, a nan take. Sauran kuwa, Issaka bai san sunan kowa ba, sai "wata mata a Mamobi", "wani gida bayan masallaci a unguwar Lagos Town". Gida-gida na bi. In yi sallama, in ce a nuna mini dutsen niƙa, in kifa shi in duba gindi. Wasu su ba ni ruwa, wasu su sa mini ido kamar ɓarauniya. A Alajo na samu biyu a gida ɗaya. A Mamobi wata uwar amarya ta ce ba za ta bayar ba, wai duk kayan ɗakin 'yarta babu abin da aka yaba kamarsa. Na ce, "Yaya, ado kika saya mata ko abin niƙa?" Ta ce, "Duka biyun." Sau uku ina komawa, sai da na yi mata gwajin ƙwarya a gaban surukanta sannan ta saki, tana zagina har bakin titi. Tsakanin wannan yawo kuma ina hawa tsauni in nemo masu kyau na musanya, ina ɗauko ruwa daga nesa ina wanke kowanne tun kafin in sa masa tsaga. Tun daga shekarar na juya dokar: wanki tukuna, shaida daga baya.

Wata bakwai na yi, na samu takwas har da na Hajiya. Na taran, Issaka ya ce wata mata ce ta saya a tashar Circle tana shirin shiga mota, bai san inda ta nufa ba. Magajiya ta ce takwas ɗin sun isa, in buɗe rumfa. Na buɗe, na tarar an kafa injin niƙa-niƙa taku ashirin daga wurina, kuma matan da suka yi wata bakwai ba su da mai ƙoda musu dutse sun koyi hanyar inji. Rabinsu ba su dawo ba. Hajiya Memuna ta dawo, ita kam, don ta ce shiton inji ɗanɗanon ƙarfe gare shi, kuma har ta rasu a kan dutsena take niƙa.

Ticha fa? Ya zo. Bayan wasu shekaru, ya yi ƙiba, ya sa dogon wando, ya yi ta tambaya har aka kawo shi rumfata. Ya buɗe wani littafi ya nuna mini hoto: jan ido ƙato kamar faranti, da farin zobensa. Ya ce, "Iya, dutsenki ne. Har ƙasar Turawa an gani. Yanzu an san zurfin da gindin tsaunukan nan ya kai da yadda ya taso."

Na ce, "Madalla. Motar da ka ce za ta kwashe tara fa?"

Ya ce ai da ya zo ya ga sun yi nauyi, kuma guntu ya ishe shi aiki.

Na ce, "Sun yi nauyi. Ni a kaina nake saukowa da su." Na ce, "Kai da ka san inda dutse ya kwana tun kafin a halicci mutum, gaya mini inda guda ɗaya yake yau, mai tsaga uku a gindi."

Ya tsaya yana juya littafinsa. Na ce ya matsa, yana tare mini masu saye.

Abin da ya faɗa game da tsaunukan, na yarda da shi har yau, don ya yi daidai da abin da hannuna ya sani. Ba ƙarya ya yi mini ba a kan dutse. A kan alkawarin gobe ya yi mini ƙarya, ni kuma na fi shi laifi, don shi ba a koya masa dokar ba.

To ku 'yan mata masu bokiti, ga abin da nake so da ku, tunda ƙafafunku sun fi nawa yanzu. Duk gidan da kuka shiga, na kakanninku ko na mazajenku, ko a Kumasi ne ko a Tamale, in kun ga tsohon dutsen niƙa an jingine a bayan ɗaki, ku kifa shi. In akwai tsaga uku a gindi, ku duba gefe. In gefe ɗaya a karye yake, ku zuba masa ruwa a fuska. In kun ga jan ido da farin zobe, kada ku ce yana da kyau, na san yana da kyau. Kada kowa ya niƙa ko gishiri a kansa. Ku sa shi a mota ku kawo mini Nima. Gudumar tana nan ƙarƙashin gadona, kuma hannun dama bai mutu ba.